Harshen Inna da Motocin Abinci

Akwai wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna, wadda ba ta da abin taƙama a duniya kamar hannunta da harshenta. Hannun, in ji ta, ko dutse ta jefa a tukunya sai an suɗe kwano. Harshen kuwa, da zarar ta ɗanɗana miya za ta gaya maka abin da aka zuba, da abin da aka manta, da ko mai girkin ta yi faɗa da mijinta a ranar. Mu tsofaffi haka muke, ba mu taɓa ƙona abinci ba a labarin da muke bayarwa da bakinmu.

Tun da ɗanta Auta ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a birni, girki ya fita daga hannunta. Surukarta ce ke riƙe da kicin safe da dare. Abu guda aka bar wa Inna, shi ma sai da ta daina amsa gaisuwar kowa kafin ta same shi: abincin rana da Auta ke tafiya da shi ofis. Kullum kafin gari ya gama wayewa ta dafa, ta zuba a kula, ta ɗaure da farin ƙyalle. Da yamma kula ta dawo wayam, a wanke tas, sai Inna ta ɗaga ta sama ta saitin katanga don maƙwabciyarta ta gani.

"Matar tela, kin gani? Ko ƙwaya bai rage ba."

"Na gani, Inna. Har wanke miki yake yi? Ni nawa ɗan ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba."

"Tarbiyya ce. Ba a kasuwa ake sayenta ba."

Wata rana tana ninke wanki sai ta ga ɗigon jan mai a gaban rigar Auta, wanda sabulu ya kasa fitarwa. Ta shinshina. Ta aika a kira shi. Ya zo ya durƙusa, mutum da furfura a gemu da tumbi a gaba.

"Wannan man ba nawa ba ne," ta ce. "Na wace ce?"

"Ba na wata ba ne, Inna. Motocin abinci ne ke tsayawa a titin ofishinmu da rana. Abokan aiki kan ja ni wani lokacin."

"Mota? Ita motar ce ke dafawa?"

"A cikinta ake dafawa. Akwai murhu, akwai tukwane. Sai su ɗaga taga a gefe, a yi layi a saya."

"A zauna a ina?"

"A tsaye ake ci."

Inna ta dafe ƙirji. "A tsaye! A bakin titi, kamar akuya ta sami ɓawon rogo? Kowa na kallon maƙogwaronka yana hawa yana sauka? To nawa fa?"

"Ana cinyewa, Inna. Ai kina ganin kular."

"Wato biyu kake ci. Shi ya sa cikin nan ya riga ka shiga ɗaki."

Inna ta san yadda abin yake tafiya. Yau a ci nata a ɗora na mota, gobe a ce kular ta yi nauyi, jibi surukarta ta ce, "Inna ki huta mana." Daga nan sai zaman tabarma da jiran a miƙo mata kwano.

Washegari ta tara matan layi a ƙofar gidan tela ta gaya musu abin da ta shirya. Za ta je titin nan da ƙafarta. Za ta ɗanɗana abincin kowace mota, ta tsaya a gaban Auta da abokan aikinsa ta jero aibin kowanne, har masu motocin su ji kunya su tayar da injinsu.

"Kafin rana ta karkata za ku ji ƙarar tayoyi," ta ce. "Matar tela, ke za ki bi ni, ki zama shaida."

"To amma Inna," in ji matar tela, "ba ke kika ce tun da aka haife ki ba wanda ya taɓa ganin kina tauna a titi ba?"

"Kuma ba za a gani ba. Ɗanɗano daban, ci daban. Harshe kawai zan ɗora."

Ranar tafiya ta sallami Auta da kularsa kamar kullum, ta ƙi karyawa don kada harshen ya ruɗe, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta murza ɗaurin kai mai tsini, ta jefa cokalinta a jaka, don ba za ta sa baki a cokalin da ba ta san asalinsa ba.

Da suka sauka daga bas sai ga motocin a jere, ja da rawaya da kore, wata an zana mata kaza tana dariya, kamar ta san abin da ake yi wa 'yan'uwanta a ciki. Janareto na ruri, hayaƙi na tashi. Manyan mutane da takalma masu ƙyalli sun wage ƙafafu, sun tura wuya gaba, suna cin abinci daga kwali don kada miya ta ɗiga musu.

"Dubi 'ya'yan mutane," in ji Inna. "Duk waɗannan suna da uwaye fa."

Cikinta ya yi wata doguwar ƙara.

"Me kika ce, Inna?"

"Janareto ne."

Ta wuce layin motar farko kai tsaye. Wani mai tabarau ya ce, "Iya, layi ake bi."

"Ni da na haifi irinku zan bi bayanku? Matsa."

Ya matsa. Sai dai tagar ta fi ta tsawo. Budurwar da ke ciki ba ta ga komai ba sai tsinin ɗankwali yana rawa.

"Wa ke magana?"

"Leƙo ƙasa, mara kunya. Kin wanke hannu?"

"Na wanke, Iya."

"Wa ya yanka kazar?"

"Iya, mutane na jira. Me za a ba ki?"

Inna ta ce a ba ta abin da suka fi taƙama da shi. Budurwar ta miƙo mata wani baƙin abu mai kama da murfin kwalba, ta faɗi wata magana da janareto ya haɗiye. Inna ta juya shi, ta ɗauka kyautar girmamawa ce, ta soke shi a ƙugun zaninta.

"Kin gani? Sun fara ba da toshi tun ban buɗe baki ba."

A mota ta biyu ta tarar da wani ƙato yana yanka albasa. Nan ta tsaya ta fara koya masa riƙon wuƙa, mutane suka fara taruwa, ita kuma muryar na ƙara tashi. Tana tsakiyar cewa a zamaninsu wanda ya yanka albasa haka ba ya samun mata, sai abin nan da ke ƙugunta ya kama kyarma yana tsuwa.

"Wayyo Allah! Kunama!"

Ta yi tsalle irin wanda rabonta da shi tun tana budurwa. Ɗankwali ya yi gabas, jaka ta yi yamma. Ta bangaji mai tabarau, lemonsa ya kife a kan takalminsa. Abin ya faɗo ƙasa yana juyi, jar fitila na walƙiya a jikinsa. Inna ta cire takalmi za ta kashe shi.

"Iya, kar ki fasa mana!" budurwar ta ƙwala daga tagarta. "Yana gaya miki abincinki ya yi ne!"

Matar tela ta dafa jikin mota tana share hawaye.

"Dariyar me kike yi?" in ji Inna tana maida ɗankwali. "Ba tsoro na ji ba. Ƙafata ce ta yi sanyi nake miƙe ta."

"Ta miƙu, Inna. Har ta kusa kai rufin motar."

Haka ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya, ana ɗora mata kwalaye: soyayyiyar kaza da dankali, nama a cikin burodi, taliya mai yaji, da wani abin da ba ta san sunansa ba amma ya fi kowanne ƙamshi. Kwalayen suka kai mata haɓa. Saura ɗanɗano.

Nan aka sami matsala. Ta buɗe kwali, ta ɗaga kai, sai ta ga kamar duk titin ita yake kallo. Hannu ya ƙi zuwa baki. Ta nufi bencin jiran bas, ta tarar ya cika. Ta zauna a matakalar wani kanti, maigadi ya ce ba a zama nan. Ta laɓe a bayan wata bishiya, bishiyar ba ta kai rabin faɗinta ba. Ga ƙamshi na shiga hanci ba sallama, ga yawu na taruwa, ga matar tela a gefe tana kallon bakinta kamar an ba ta gadinsa.

"Je ki ƙofar ofis ki tsare mini Auta," in ji Inna. "In ya fito kar ki bari ya ɓace. Zan shirya hujjojina in zo."

"In riƙe miki kwali biyu?"

"Hujja ba a raba ta. Tafi."

A can ƙarshen titin akwai wata shuɗiyar mota ita kaɗai, tagarta a rufe, ƙofar bayanta a ɗan buɗe. Inna ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta tura kwalayen ciki, ta hau da rarrafe, gwiwoyi na ƙas-ƙas, ta jawo ƙofa. Ciki akwai ɗan haske daga wata kafa a rufi. Ta kife bokiti ta zauna. Ga sirri, ga wurin zama. Ta fito da cokalinta.

"Harshe kawai," ta ce.

Ta ɗora harshe a kan kazar. Ta shiga laluben aibi.

"An cika... an cika..."

Ba ta samo abin da aka cika ba. Ta gutsura don ta samo. Ta ƙara gutsura don ta tabbatar. Ta ce ƙila aibin yana wajen ƙashi, ta bi shi har ƙashin, ta fasa ƙashin ta tsotse. Babu. Ta koma kan taliya, cokali ya ƙi kama ta, ta ajiye cokalin ta sa hannu. Yaji ya fito mata da gumi da majina, ta share da bakin mayafi ta ci gaba da bincike. Naman burodin ya zubo mata da wata farar miya har gwiwar hannu, ta bi ta da harshe don kada hujja ta lalace. Kafin ta ankara kwalayen sun zama fanko, in ban da cinyar kaza guda, kuma ba ta da aibi ko ɗaya da za ta kai wa Auta.

Sai idonta ya faɗa kan wani kwano a rufe a kan teburin girki. Ta buɗe: shinkafa da miya, sun huce.

"Bari mu ga na wannan motar."

Ta kai cokali ɗaya baki. Fuskarta ta yamutse, sannan ta washe.

"Yauwa! Asiri ya tonu!"

Salam, ba gishiri, ba mai, ba yaji, miya tsululu kamar an wanke tukunya an zuba. Inna ta rungume kwanon tana godiya ga Allah. Da wannan kaɗai sai ta kori motocin titin gaba ɗaya.

Ba ta rufe baki ba ta ji an buga ƙofar baya, an ja sakata ta waje. Inji ya tashi.

Motar ta zabura, bokitin ya tafi da Inna baya. Aka taka birki, ya dawo da ita gaba. Ludaya da ke rataye suka shiga dukan kanta bi da bi. Ta kai hannu ta kama gefen teburin, sai ta jawo ledar burodi, burodi ya zubo mata kamar ruwan sama. Wata robar jar miya ta faɗo a cinyarta, ta danne ta da gwiwar hannu, robar ta yi mata feshi tun daga haɓa har goshi. Ta buɗe baki za ta yi ihu, ta tuna in ta yi ihu za a zo a gan ta, ta rufe. Kwanon dai ba ta sake shi ba.

Motar ta tsaya. Inna ta yi lissafi: in an buɗe ƙofar baya, sai ta ce ta shigo neman ruwan wanke hannu, ta sulale. Ta ɗauki cinyar kazar nan ta kafa mata haƙora don hankalinta ya kwanta, ta zuba wa ƙofar baya ido.

Bangon da ke gefenta ne ya ɗaga.

Ashe wurin tsayawar shuɗiyar motar a daidai ƙofar ofishin Auta yake. Wata babbar motar kaya ce ta tare wurin, shi ya sa ta jira a ƙarshen titi. Masu sayenta kuwa tuni sun yi layi. Mai motar, wani siririn mutum mai farar hula, ya ɗaga tagar ta waje ya tokare ta da ƙarfe, haske ya cika ciki. Ga Inna a kan bokiti, fuska jajir, burodi a kafaɗa, kwalaye fanko a ƙafafunta, cinyar kaza a baki. Na farko a layi Auta ne. A gefensa matar tela.

Sai wani daga baya ya ce, "Mai mota, ni irin na Iya za ka ba ni."

"Inna?" in ji Auta. Muryarsa ta koma ta ɗan yaye.

Inna ta cire cinyar daga baki a hankali, ta ɓoye ta a bayanta.

"Bincike nake yi."

"Harshe kawai, ko Inna?" in ji matar tela tana leƙen kwalayen. "Kai, harshen nan ya yi aiki yau."

"Iya, ta ina kika shigo mini mota?" in ji mai farar hula.

Inna ta ga in ba ta kai hari yanzu ba ta mutu. Ta miƙe, burodi ya zube, ta ɗaga kwanon sama ta tagar don kowa ya gani.

"Ta inda asirinka yake! Jama'a, ku dubi abin da ake ciyar da 'ya'yanku! Wannan abinci ne ko horo? Ba gishiri, ba mai. Shinkafar ta caɓe, miyar kuwa ko ƙafa ba zan wanke da ita ba. Na yi shekaru ina girki tun ba a haifi uban wannan motar ba, ban taɓa ɗanɗana lami irin wannan ba. Duk wanda ya dafa wannan a ƙwace masa ludayi, a hana shi ko leƙa kicin, a ba shi tabarma ya zauna!"

"Inna," in ji Auta, "don Allah ki sauko mu tafi."

"Rufe mini baki! Kai da ake ba ka na gida kake zuwa nan kana bin layin wannan!"

Mai motar ya cire hularsa ya sosa kai.

"Iya, wannan ai ba na sayarwa ba ne. Nawa ne. Likita ya hana ni gishiri da mai da yaji, duk abin da nake dafawa ƙamshinsa kaɗai nake ci. Wannan bawan Allah," ya nuna Auta, "shi ke kawo mini kullum da safe daga wurin mahaifiyarsa. In juye, in wanke masa kular, da rana in ba shi kaza. Wallahi na kwanta asibiti, ko can ban sami abincin da ya kai shi lami ba. Likitan ma ya ce kar in sake in daina."

Inna ta dubi cikin kwanon. Sai yanzu, a cikin haske, ta ga albasar da aka yanka manya-manya yadda ita kaɗai ke yankawa.

Dariya ta ɓarke tun daga gaban layi har bayansa. Mai tabarau, da jiƙaƙƙen takalminsa, ya riƙe ciki. Auta ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura.

"Inna," in ji matar tela, "me kika ce a yi wa mai girkin? Janareto na ƙara, ban ji da kyau ba."

"Ke da kunnenki ke jiyo faɗan gidan da ke bayan layi?"

Aka buɗe ƙofar baya. Auta ya kama hannunta ya sauko da ita, ta ƙi kallonsa. Ta goge fuska da mayafi, jar miyar ta ƙara yaɗuwa. Ta tsaya a gaban mai motar, ta dube shi sama da ƙasa: wuya kamar na ludayi, wando na neman zamewa. Duk birnin nan, shi kaɗai ne ke jiran tukunyarta.

"Kana cinyewa duka?" ta ce.

"Har in suɗe, Iya. Ba ni da wani."

"In ka warke fa?"

Idonsa ya yi haske. "Ranar da likita ya sake ni, Iya, kaza zan ci har sai an ɗauke ni a kwance."

"Allah ya ba ka lafiya, mai mota!" wani ya ce daga layi.

"Amin!" in ji layin gaba ɗaya. Auta ya ce amin. Budurwar motar farko ma ta leƙo ta tagarta ta ce amin.

Inna ta tsuke baki.

Matar tela ta zungure ta. "Inna, addu'a aka yi wa mara lafiya. Ba ki ce amin ba."

Inna ta miƙa wa mai motar kwanonsa, ta gyara masa murfin da hannunta.

"Amin," ta ce. "Amma a hankali. Irin wannan ciwon ba a yi masa gaggawa."